Ciwon Ƙwaƙwalwar da Ke Shigowa a Shiru Idan Garkuwar Jiki Ta Yi Rauni

Babu gidan da za ka shiga a Zariya ka ambaci sanƙarau a tambaye ka mene ne shi. Da zafi ya kankama, daga Fabrairu zuwa Afrilu, iyaye kan shiga taitayinsu, a rage cunkoso a ɗaki, a fito da shimfiɗa tsakar gida. Idan yaro ya yi zazzaɓi wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, ba a jiran shawarar kowa, sai asibiti. Wannan tsoron ya ceci rayuka masu yawa. To amma sanƙarau tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka yake kamawa. Akwai wani ciwon da ke shiga naman ƙwaƙwalwar kansa ya kumbura shi, kuma galibi ƙwayoyin bairus ne ke haddasa shi. Shi wannan ba mu ba shi tsoron da ya cancanta ba, domin yakan zo da alamomin da muka riga muka yi wa wata fassarar: mantuwa, sambatu, yawan barci, fushi babu dalili, jan ƙafa, mutum ya daina gane hanyar gidansu.

Abin da ya fi damuna shi ne, wanda ya fi kowa haɗarin kamuwa da shi, wato mai raunin garkuwar jiki, shi ne kuma ciwon ya fi zo wa a ɓoye. Zazzaɓin na iya zama kaɗan ko babu shi sam, wuya kuma lafiya lau yake juyawa. Sai a kwashe makonni ana neman magani inda ba ya nan, alhali ƙwaƙwalwa ba ta cika mayar da naman da ta rasa ba.

Da an ce raunin garkuwa, hankalin mutane kan tafi ga cuta mai karya garkuwar jiki, kuma suna da gaskiya, ita ce babba. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, jimillar masu ita a ƙasar kuma ta kai kimanin miliyan 1.9. Ƙwayar tana cinye wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ke jagorantar yaƙin jiki da cuta. Lafiyayyen mutum yana da su tsakanin 500 da 1,500 a ma'aunin da ake gwadawa da shi. Idan suka faɗo ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutum cikin waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu, kuma daga nan ne ƙofar ƙwaƙwalwa ke buɗewa. Wanda ke shan maganinsa kullum, ƙwayar ta kwanta a jininsa, yana iya tsufa bai taɓa gamuwa da ko ɗaya cikin abin da zan lissafa ba. Haɗarin yana wuyan mutum biyu: wanda bai taɓa gwaji ba, da wanda ya fara magani ya ji sauƙi ya ajiye.

Ba su kaɗai ba ne. Mai ciwon daji da ake yi wa ƙarin ruwan maganin daji a asibitin koyarwa na Shika, garkuwarsa kan faɗi na ɗan lokaci bayan kowane zagaye. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko a Kano inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002, ko a Indiya ko Masar, zai sha magungunan danne garkuwa har ƙarshen rayuwarsa don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar. Haka wanda aka yi wa dashen ɓargo. Ga yaro mai tamowa, ga tsoho da ƙarfi ya ja baya.

Sai kuma wani rukuni da ba a cika lissafawa ba, kuma a ganina ya fi duk sauran buƙatar a yi magana a kansa a garin nan. Akwai ƙwayoyin da ake saye a kemis ko a hannun masu talla don a yi ƙiba, irin waɗanda ake ce wa sha-ka-fashe, da haɗe-haɗen da ake ƙulla wa mai ciwon gaɓoɓi ko mai asma a leda babu suna babu takarda. Sau da yawa a cikinsu akwai sitiroyid, wato dekisametason ko firedinisolon. Magunguna ne masu amfani ƙwarai a hannun likita, amma aikinsu kenan danne garkuwa. Likitoci kan ɗauki wanda ya sha miligiram 20 na firedinisolon kullum na mako biyu ko fiye a matsayin wanda garkuwarsa ta taɓu, dekisametason kuwa ya ninka shi ƙarfi wajen sau shida. Amaryar da aka yi wata uku ana ba ta don ta ciko kafin biki, fuska ta yi tim, kowa yana yaba ta, ba ta san cewa ta shiga sahun masu raunin garkuwa ba, danginta ma ba su sani ba. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, domin yankewar gaba ɗaya na iya kayar da shi. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Yanzu ga yadda abin yake faruwa. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa kariya ta musamman. Ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta a matse suke ƙam, ba sa barin komai ya tsallaka daga jini sai abin da aka tantance. Kamar ganuwar birnin Zazzau ce a zamanin da take tsaye, ba a shiga sai ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko 'yan'uwansu. Matsalar ita ce da ɗan gari akan ci gari. Yawancin bairus ɗin da ke kama ƙwaƙwalwar mai raunin garkuwa ba daga waje suke zuwa a ranar ba. Tun muna yara suka shiga jikinmu, suka sami maɓoya a jijiya ko a ƙoda ko a fararen ƙwayoyin jini, suka kwanta. Garkuwa ba ta kashe su ba, danne su ta yi. Ranar da ta yi sanyi sai su miƙe. Wannan katangar kuma da ke tare cuta, ita ce dai ke hana magunguna da yawa isa ciki, shi ya sa ciwon ƙwaƙwalwa ke buƙatar magani mai ƙarfi ta jijiya na tsawon lokaci.

Mu fara da wadda ta fi muhimmanci a gane da wuri, domin tana da magani. Ƙurajen nan masu ruwa da ke fito wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi, ƙwayar hafis ce ke kawo su, kuma kusan biyu bisa uku na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. Tana zaune a wani kulli na jijiyar fuska, a gindin ƙwaƙwalwa. Jefi-jefi, maimakon ta gangaro leɓe, sai ta haura ta kama ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen kunne, inda ake ajiye sabon tunani da sarrafa hali da fahimtar magana. Shi ya sa mai ita kan fara da jin wani wari da babu shi, ko maganar da ba ta da kai, ko tambayar abu ɗaya sau goma, kafin jijjiga da dogon suma su biyo baya. Idan ba a yi magani ba, kusan 70 cikin 100 mutuwa suke yi. Maganinta asaikulobiya ne ta jijiya, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin baligi, duk awa takwas, na kwana 14 zuwa 21, tare da wadataccen ruwa don kare ƙoda. Wannan ciwon yana kama lafiyayye ma. Bambancin shi ne a jikin mai raunin garkuwa yakan zo da baƙuwar fuska, ya bazu wurare da yawa, ya kuma fi kisa. Ƙa'idar likitoci a nan a fili take: da an yi zargi a fara allurar, ba a jiran sakamakon gwaji, domin jinkirin kwana biyu kan sauya makomar mutum.

'Yar'uwarta ita ce ƙwayar ƙarambau. Yaro ya yi ƙarambau ya warke, an manta. Ƙwayar kuwa tana nan a gindin jijiyoyin da ke fita daga laka. Bayan shekaru sai wata rana mutum ya ji zafi kamar ana ɗiga masa wuta a gefe ɗaya na ƙirji ko na baya ko na goshi, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje masu ruwa su fito a jere, suna bin layi, su tsaya cak a tsakiyar jiki ba su tsallaka ɗaya ɓarin ba. Rigar da ya sa ma idan ta taɓa wurin sai ya yi ƙara. Mutane kan shafa toka ko man gargajiya su ce wani ƙwaro ne ya bi ta wurin. A tsoho wannan ba abin mamaki ba ne. Amma idan ya fito wa matashi, ko ya mamaye wuri mai faɗi, ko ya tafi ya dawo, to jiki ne ke shaida cewa garkuwa ta yi ƙasa, kuma ya kamata a yi gwajin HIV a binciki magungunan da mutum ke sha. Maganin ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙwayar na iya bin jijiya ta kama bangon hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, musamman idan a goshi da kewayen ido ta fito. Bayan makonni ko watanni, ƙuraje sun bushe, sai ga shanyewar ɓarin jiki a mutumin da ba shi da hawan jini. Wani lokacin ma babu ƙurji ko ɗaya da ya fito.

Wata ƙwayar bairus kuwa da ake kira CMV, kusan kowane baligi a Afirka yana da ita. Sai CD4 ta faɗo ƙasa da 50, ko bayan dashe, take nuna kanta. Ta fi son ido, tana cin tantanin gani har makanta, amma tana kama ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ƙasan laka, ƙafafu su mutu, fitsari ya ƙi fita. Akwai maganinta, gansaikulobiya, sai dai yana da tsada kuma yana rage jini. Ƙwayar EBV, wadda aka gano a 1964 a cikin ƙarin da ke fito wa yara a muƙamuƙi a Yuganda, ita kuma takan haddasa ciwon daji a cikin ƙwaƙwalwar mai raunin garkuwa.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce JC. An fara gano ta a 1971 a Amurka a ƙwaƙwalwar wani majinyaci, aka sa mata haruffan farko na sunansa, ciwon da take kawowa kuma, PML, tun 1958 aka bayyana shi. Fiye da rabin manya suna ɗauke da ita a ƙoda, ba ta taɓa sa su ko ciwon kai ba. Idan garkuwa ta faɗi sai ta shiga ƙwaƙwalwa ta kashe ƙwayoyin da ke ƙera rufin kitsen da ya naɗe jijiyoyi. Wannan rufin shi ke sa saƙo ya yi gudu daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, idan ya zube saƙon sai ya riƙa makara ko ya ɓace. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai na a zo a gani. Hannu ɗaya ne zai fara nauyi, ko harshe ya riƙa sarƙewa, ko rabin abin da ke gaban mutum ya daina ganuwa, kowane mako ya fi na baya muni. Kafin zuwan haɗakar magungunan HIV a 1996, har kashi 5 cikin 100 na masu ƙanjamau kan gamu da shi, kuma akasari watanni kaɗan suke yi. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana kashe ƙwayar kai tsaye. Hanya ɗaya ita ce a dawo da garkuwa: mai HIV a ɗora shi kan magani ba tare da ɓata lokaci ba, mai shan maganin danne garkuwa kuma likitansa ya rage masa gwargwadon yadda zai yiwu. Da haka rabin majinyata ko fiye suna wuce shekara, ko da yake da yawansu kan rage da naƙasa. Turawa ma sun ɗanɗana wannan ta hanyar da ba su zata ba: a 2005 an janye wani maganin danne garkuwa mai suna Tysabri daga kasuwa bayan wasu masu shan sa sun kamu da PML, sai a 2006 aka dawo da shi da tsauraran sharuɗɗa.

Ita kanta HIV tana shiga ƙwaƙwalwa tun makonnin farko, a cikin fararen ƙwayoyin jinin da aka bar wa ƙofa. Idan aka bar ta shekaru babu magani, sai tunani ya yi nauyi, tafiya ta yi sanyi, mutum ya daina damuwa da abin da a da yake so, lissafin kuɗin kasuwa ya riƙa kufce masa. A gida sai a ce ya zama malalaci ko damuwa ce ta yi masa yawa. Wannan kam yakan yi sauƙi sosai idan aka fara magani.

Yara kuma, ƙyanda. Mun san ta da ƙuraje da jan ido da tari. Amma yaron da garkuwarsa ta yi rauni, saboda HIV ko ciwon dajin jini, yana iya yin ƙyanda mai sauƙi, wani lokacin ko ƙurajen ba su fito sosai ba, sai bayan wasu watanni ya fara jijjigar da ba ta jin magani, ƙwayar ta zauna a ƙwaƙwalwarsa. Akasarinsu ba sa tashi. Irin wannan yaron, idan garkuwar ta yi ƙasa sosai, ba a yi masa allurar ƙyanda, domin ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Kariyarsa tana hannun yaran da ke kewaye da shi. Allurar wata 9 da ta wata 15 da uwa ta kai ɗanta a asibitin unguwa, har ɗan maƙwabta mara lafiya take karewa.

Me ya sa duk waɗannan suke zuwa a shiru? Domin yawancin alamomin da muke gane ciwo da su, zazzaɓi da kumburi da sanƙarewar wuya, garkuwar ce ke samar da su yayin da take faɗa. Idan ba ta da ƙarfin faɗan, alamomin sai su yi ƙasa alhali ɓarnar tana tafiya. Haka abin yake a ɗakin gwaji. Ruwan laka na iya fitowa da fararen ƙwayoyi kaɗan kamar na mai lafiya. Gwajin jinin da ke neman shaidar martanin jiki na iya cewa babu komai, domin jikin bai mayar da martanin ba. Abin dogaro shi ne gwajin PCR, mai neman ƙwayar kanta a ruwan laka, da hoton MRI, wanda ya fi hoton CT ganin irin wannan ɓarna. Ba kowane asibiti ke da su ba, inda suke kuma akwai kuɗi da jira. Saboda haka a wurinmu abin da ya fi kowace na'ura daraja shi ne labarin da dangi za su ba likita.

A nan ne kuma muke yin asara. A ɗauki misalin tela a Tudun Wada, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai. Ya yi shekaru yana karɓar maganinsa a ɓoye, matarsa kaɗai ta sani. Ya ji garau, ga tsoron kada wani ɗan unguwa ya gan shi a layin karɓar magani, sai ya daina zuwa. Bayan shekara biyu ya fara yanka yadin mutane ba daidai ba. Awon da a da yake riƙewa da ka, yanzu sai ya auna sau uku. Almakashi na suɓucewa daga hannunsa, silifas ɗin hagu na fita daga ƙafarsa yana tafiya bai sani ba. Ba zazzaɓi. 'Yan'uwa suka ce jifa ne, kasuwarsa ta buɗe an yi masa hassada. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Ranar da ya faɗi yana jijjiga aka kwashe shi zuwa asibiti, likita ya tambaya ko akwai maganin da yake sha ko ya taɓa sha kullum. Wansa ya amsa: "Babu, likita, garau yake, ko farasitamol ba ya sha." Matar tana tsaye a bayansu ta sunkuyar da kai, ba za ta iya buɗe baki a gaban wan mijinta ba. Duk abin da zai biyo baya, gwajin da za a fara da shi da maganin da za a ɗaura, ya rataya ne a kan ko za ta bi likitan waje ta ce: "Likita, ina da magana, amma ba a gaban Yaya ba."

Ba na ganin laifinta. Mu ne muka mai da wannan cuta abin kunyar da mace za ta gwammace shiru a kan tonon asirin mijinta, duk da cewa tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu HIV wariya. Nauyin yana kan ma'aikatan lafiya su ma: a yi wannan tambayar a keɓe, kuma a yi wa duk wanda ya zo da ruɗewar hankali tayin gwajin HIV ba tare da kallon rawaninsa ko hijabinta ba. Addu'a kuwa ban taɓa raina ta ba. Ana tofi a bakin gadon asibiti, ruwan magani yana shiga jijiya, babu wanda ya hana wani. Abin da nake roƙo shi ne kada a jera su, a ce sai wannan ya gaza za a gwada wancan.

Wani wurin da ake cijewa shi ne ɗibar ruwan baya. Dangi da yawa sun yi imani cewa duk wanda aka ɗebar wa ba ya tashi, ko ƙafafunsa za su shanye. Dalilin wannan zato a fili yake: sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake kawo shi, a ɗebi ruwan, ya rasu saboda ciwon, a ɗora wa allurar. Ga yadda ake yi. Majinyaci zai kwanta a gefe ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji. Likita zai lalubo saman ƙasusuwan ƙugu da yatsunsa, ya wanke wurin, ya kashe zafin fata, sannan ya sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan baya biyu na ƙasa. A baligi laka ta riga ta ƙare a sama da wannan wurin, allurar ba ta kai gare ta. Ruwan yana ɗigowa da kansa, fari tas idan lafiya, a tara abin da bai fi cokali babba ɗaya ba a 'yan kwalabe. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin mililita 150 na wannan ruwa, yana kuma ƙera kusan 500 a kowace rana, don haka cikin sa'o'i ya mayar da abin da aka ɗiba. Ciwon kai na 'yan kwanaki shi ne abin da ya fi biyo baya. Idan likita ya ga alamar ƙari ko matsi mai yawa a cikin kai, shi da kansa zai nemi hoto tukuna.

Ruwan nan ne ke raba gardama, domin ba bairus kaɗai ke kama ƙwaƙwalwar mai raunin garkuwa ba. Akwai sanƙarau na ƙwayar kiriftokokus, dangin fumfuna, wanda aka ƙiyasta yana da hannu a kusan ɗaya cikin biyar na mace-macen ƙanjamau a duniya. Akwai tarin fuka da ke haurawa kai, wanda cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye ta san shi sarai. Akwai tokzofilazma, wadda maganin Septrin da ake ba masu HIV ke kare su daga gare ta. Kowanne da maganinsa daban, kuma a ido duk kama suke yi da juna. Ga maleriya kuma, wadda ke ruɗa mu fiye da kowa. A damina mutane da yawa suna yawo da ƙwayarta a jini ba tare da ita ce ke kwantar da su ba. Idan gwaji ya nuna maleriya, an yi allura kwana biyu hankali bai dawo ba, bai kamata a koma kemis a ce taifot ce ba.

Akwai kuma wani abu da ke firgita dangi har su yanke magani. Wani majinyacin, makonni kaɗan bayan an fara masa maganin HIV, sai jikinsa ya ƙara rikicewa. Garkuwar ce ta farfaɗo ta tarar da ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa ta afka musu da ƙarfi, kumburi ya ƙaru a cikin ƙoƙon kai da ba shi da wurin buɗawa. Likitoci sun san da wannan, suna da hanyar lafar da shi, shi ya sa ma a sanƙarau na kiriftokokus sukan jinkirta fara maganin HIV da mako 4 zuwa 6, a PML kuwa su fara nan take. Hukunci ne da ke buƙatar wanda ya san aikin. Abin da ya rage wa mai jinya shi ne ya dawo da majinyaci asibiti a ranar, kada ya ajiye maganin da kansa.

Wanda Allah ya tashi kafaɗunsa, jinyarsa ba ta ƙare da sallama ba. Wani zai dawo da mantuwa, ya gane tsofaffin abokai amma ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa da safe. Wani da saurin fushi, matarsa ta ce ba mutumin da ta aura ba ne. Wani da farfaɗiya. Waɗannan raunuka ne a naman ƙwaƙwalwa, kuma gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi da koyar da magana da haƙurin gida suna dawo da abu mai yawa cikin watanni. A kula da abu ɗaya: tsofaffin magungunan farfaɗiya da aka fi samu a wurinmu, irin su Tegretol da finobabiton, suna rage ƙarfin TLD, maganin HIV da yawancin majinyata ke sha yanzu. Idan likitan da ya rubuta wannan bai san da wancan ba, ana iya tsayar da jijjiga a kuma sake buɗe wa ƙwayar cutar hanya.

Daga hukumomin lafiya na jiha da na tarayya abu biyu nake nema, kuma ba su fi ƙarfinsu ba. Duk wanda aka gano yana da HIV yau, ko ya dawo bayan ya yi watanni bai karɓi magani ba, a auna masa CD4 a ranar, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2017, domin a san wanda ke bakin rami kafin ƙwaƙwalwarsa ta faɗa. Sannan asaikulobiya ta allura ta zauna a ɗakin gaggawa na manyan asibitocinmu, a farashin da tela da manomi za su iya biya na kwana 14, ba sai dangi sun bazama shagunan magani na Sabon Gari da tsakar dare suna nema ba.